Sabis ya cunkushe: a sayi sabon zango, a gyara tsoho, a yi haya, ko a ƙara ƙarfe?

Duk kamfanin wayar salula da kasuwa ta karɓe shi, wata rana sai hanyarsa ta cika. Da hantsi komai lafiya lau, amma daga bayan Magariba zuwa ƙarfe sha ɗayan dare, a unguwannin da jama'a suka yi yawa, za ka ga sandunan sabis a cike a fuskar waya alhali bidiyo ya ƙi buɗewa. Ƙarfen sabis ɗin yana nan, yana aiki, mutanen da ke rububin zangon iskar da aka ba shi ne suka fi ƙarfinsa. Zangon nan kuma, wato yankin igiyoyin rediyo da ke ɗaukar kira da data tsakanin waya da ƙarfe, ba a ƙera shi a masana'anta. Gwamnati ce ke yanka shi ta raba, a Najeriya ta hannun hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, bisa dokar sadarwa ta 2003.

Wannan rubutu na wanda ke zaune a teburin yanke shawara ne, ko injiniyan da ke tsara hanyar sadarwa, ko mai zuba jari, ko ma'aikacin hukuma da aka ce ya ba da ra'ayi. Hanyoyi huɗu ne a gabansa: ya shiga gwanjo ya sayi sabon zango, ya sake rabon wanda ke hannunsa, ya karɓi haya ko ya saya daga wani kamfani, ko ya ƙara yawan ƙarafan sabis. Tun daga nan zan faɗi inda na karkata: gwanjo ya fi kowacce amo a jarida, amma a mafi yawan lokuta shi ya kamata a zo wa a ƙarshe.

Ma'aunan da za a yi amfani da su

Na farko kuɗi, da kuma irin kuɗin. Lokacin gwanjon 5G na Disamban 2021 dala tana wajen naira 410 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Masu waya da naira suke sayen data, su kuwa masu ƙera na'urorin sadarwa, irin Huawei da Ericsson da Nokia da ZTE, dala suke karɓa. Duk zaɓin da ya dogara da dala sai an dube shi sau biyu.

Na biyu sauƙi da lokaci, wato wata nawa za a ɗauka kafin mai waya ya ji canji a hannunsa. Na uku ɗorewa: shekara nawa maganin zai yi kafin ciwon ya dawo. Na huɗu haɗari, na shari'a da na fasaha da na kasuwa.

Akwai na biyar, wanda aka fi mantawa da shi a ɗakin taro: wace irin waya ce a aljihun mutane? Alƙaluman NCC na ƙarshen 2024 sun nuna sama da kashi 40 cikin 100 na layukan Najeriya suna kan 2G, na 3G ba su kai kashi 10 ba, na 5G ba su kai kashi 3 ba, ragowar suna kan 4G. Zangon da wayar mutane ba ta iya kamawa, ko kyauta aka ba ka shi, ba zai rage maka cunkoso ba.

Kafin a shiga zaɓuɓɓukan, sai an san cewa zanguna ba ɗaya ba ne: da megahaz ake auna matsayin kowanne da faɗinsa, lambar matsayin kuma ita ce sunansa. Na ƙasa, wato 700 da 800 da 900, suna tafiya nesa, suna ratsa katanga da rufin kwano, sai dai kaɗan ne, da ƙyar kamfani ke samun megahaz 10 ko 15 a ciki. Na tsakiya, 1800 da 2100 da 2300 da 2600, su ne ke ɗaukar nauyin 4G a birane. Na 3500, wanda ake ɗora 5G a kai, faɗi gare shi, ana ba da megahaz 100 a dunƙule, amma ba ya nisa, kuma yana shan wuya kafin ya shiga ƙuryar ɗaki ko cikin shagon da ke ƙasan bene.

Zaɓi na ɗaya: gwanjo

Najeriya ta daɗe da sanin gwanjo. A Janairun 2001 aka sayar da lasisin GSM kan dala miliyan 285 kowanne, MTN da Econet suka fara aiki a shekarar. A 2007 lasisin 3G ya tafi kan dala miliyan 150 ga kowane kamfani. A 2014 Bitflux ya kayar da Globacom a zangon 2300 da dala miliyan 23 da 'yan kai. Ranar 13 ga Disamban 2021 MTN da Mafab suka ɗauki megahaz ɗari-ɗari a zangon 3500 kan dala miliyan 273.6 kowanne, bayan an faro daga miliyan 197.4, Airtel ya janye a zagaye na sha ɗaya. Shekara guda bayan nan Airtel ya dawo shi kaɗai, ya biya dala miliyan 316.7 na megahaz 100 a 3500 haɗe da wani yanki a 2600.

Alherin gwanjo a fili yake. Zangon naka ne na tsawon lasisi, shekara goma a na 5G, kuma tun da a bainar jama'a aka yi cinikin, da wuya wani ya ja ka kotu ya ƙwace. Indiya ta ɗanɗana kishiyar haka: lasisin da aka raba a 2008 bisa tsarin wanda ya riga zuwa, Kotun Ƙoli ta soke 122 daga ciki a Fabrairun 2012, kamfanoni da yawa suka yi asarar jarinsu. Ta fuskar ɗorewa da tsabtar takarda, babu zaɓin da ya kamo gwanjo.

Matsalar ita ce kuɗin lasisi somin taɓi ne. Bayansa akwai sababbin eriya, da wayar faiba zuwa gindin kowane ƙarfe, da ƙarin wuta, ga kuma sharaɗin hukuma na kai sabis kowace shiyya cikin wa'adi. MTN ya ƙaddamar da 5G a 2022, Airtel a tsakiyar 2023. Mafab ya yi bikin ƙaddamarwa a Janairun 2023, amma wanda ba shi da dubban ƙarafa a ƙasa tun da farko, lasisi kaɗai ba ya mayar da shi kamfanin waya. Turai ma ta taɓa ƙonewa: a 2000 gwanjon 3G ya tara fam biliyan 22.5 a Birtaniya, a Jamus kusan yuro biliyan 50, kamfanonin suka shafe shekaru suna fama da bashi.

Ita ma hukuma tana da nata laifin idan ta tsawwala farashi. A gwanjon zangon 2600 na 2016 an fitar da kashi 14, kowanne dala miliyan 16. MTN kaɗai ya zo, ya ɗauki shida kan dala miliyan 96, takwas suka yi kwantai. A Ghana a 2015 MTN ne kawai ya iya biyan dala miliyan 67.5 na zangon 800. Zangon da ya yi kwantai ba ya ajiye wa kowa riba. Daƙiƙar da ta wuce ba a aika komai a kansa ba, ta tafi ke nan.

Zaɓi na biyu: sake rabon zangon da ke hannu

A nan zan fi daɗewa, domin a nan ne ake barin dukiya a ƙasa. Manomin da ya bar rabin gonar bayan gidansa saura, ya tafi cin bashi don sayen wata a nesa, ai kowa zai ce ya fara da ta gida.

Lissafin kansa mai sauƙi ne. Kowace tashar GSM, wato 2G, faɗinta kilohaz 200 ne, kashi ɗaya cikin biyar na megahaz, an raba ta gida takwas. 3G yana cin megahaz 5 na aikawa da 5 na karɓa a dunƙule, ko da mutum uku ne a kansa, kuma ƙololuwar gudunsa a wannan faɗi kusan megabit 21 ne a daƙiƙa. 4G yana karɓar faɗi iri-iri, daga megahaz 1.4 da 3 da 5 har zuwa 20, kuma a kan 20 ɗin waya mai matsakaicin ƙarfi tana iya kai megabit 150. Bayan haka yana iya haɗa zanguna biyu ko uku wa waya ɗaya a lokaci guda. Saboda haka duk megahaz ɗin da aka zare daga tsohuwar fasaha aka miƙa wa 4G, zai ɗauki kaya fiye da da, ba tare da an biya kuɗin sabon lasisi ba, muddin lasisin bai ɗaure zangon ga fasaha ɗaya ba.

Tambayar da ke raba kan injiniyoyi ita ce: wanne za a fara rufewa, 2G ko 3G? Singafo ta rufe 2G a 2017. Manyan kamfanonin Amurka sun kashe 3G a 2022. Jamus ta kashe 3G a 2021 ta bar 2G yana aiki. A ganina hanyar Jamus ce ta dace da mu, kuma dalilin yana cikin alƙaluman da na kawo a sama. Mai ƙaramar waya mai madannai a ƙauye, da mai tura kuɗi ta lambobin USSD, da tsofaffin na'urorin POS, da na'urorin bin sawun mota, duk 2G suka riƙe. Shi kuwa mai wayar 3G, yawanci ɗan abu kaɗan ya rage masa ya koma 4G. Don haka a kwashe zangon 2100 daga 3G a ba 4G, a matse 2G daga 1800 a tara shi a wani siririn yanki na 900, ya ci gaba da ɗaukar murya da saƙon tes.

Akwai tarko. Kiran murya a wayoyin 4G da yawa har yanzu yana saukowa 3G ko 2G ne kafin ya shiga. Idan aka kashe 3G ba a kunna VoLTE ba, wato kiran murya a kan 4G, duk wannan kira zai zube kan 2G ɗin da aka riga aka matse, sai a wayi gari data ta gyaru, kira kuma ya lalace. Mutanenmu kuwa suna iya haƙuri da jinkirin bidiyo, amma kiran da ya yanke ana tsakiyar ciniki ba sa yafe shi. Ba kowace wayar 4G ce ke karɓar VoLTE a kowane layi ba, sai kamfanin ya daidaita da masu ƙera wayoyin, musamman Tecno da Itel da Infinix da suka cika kasuwanninmu. Aikin kuma ba a yin sa dare ɗaya a faɗin ƙasa. Gari-gari ake bi, ana duba irin wayoyin da ke hawa kowane ƙarfe. Abin da ya yiwu a Wuse ta Abuja ba lalle ya yiwu a ƙauyukan Jigawa a shekarar ba.

Akwai wata dabara da ake kira DSS, wadda ke barin 4G da 5G su yi karɓa-karɓa a zango ɗaya gwargwadon wayoyin da ke wurin a wannan lokaci. Da manhaja ake kunna ta idan na'urorin sababbi ne, don haka tana da araha. Sai dai kada a ruɗu: alamar 5G za ta fito a waya, gudun kuwa kusan na 4G ne, har ma ana rasa wani abu wajen saƙonnin daidaita fasahohin biyu. Ta fi amfani ga sashen talla fiye da mai fama da cunkoso.

Zaɓi na uku: haya ko saye daga wani kamfani

Kafin 2018 hanyar da ta rage wa mai neman zangon wani ita ce ya sayi kamfanin ɗungurungum. Haka MTN ya yi da Visafone a farkon 2016 saboda zangon 800, aka kuma daɗe ana jayayya da abokan hamayya kafin a bar shi ya mallaki zangon. A 2018 NCC ta fitar da ƙa'idojin cinikin zango, suka halatta sayarwa da haya da tarayya, da sharaɗin amincewarta.

Tun daga nan kasuwar ta motsa. A ƙarshen 2019 Airtel ya sanar da sayen megahaz 10 a zangon 900 daga Intercellular kan dala miliyan 70. Idan ka auna da farashin gwanjon 3500, za ka ga kowane megahaz na ƙasa ya fi tsada, kuma da dalili: shi ne ke kai sabis ƙauye da cikin ɗaki. A 2023 MTN ya karɓi hayar wani yanki na 900 da 1800 daga ntel na shekara biyu. A 2025 kuma aka amince masu layin 9mobile su hau ƙarafan MTN a inda nasu bai kai ba.

Babban alherin haya shi ne zangunan da ake samu a wannan kasuwa, irin su 900 da 1800, kusan kowace waya tana kama su, eriyar da ke kan ƙarfe ma sau da yawa ta riga ta san su. Cikin 'yan watanni mai waya zai ji bambanci. Kuɗin kuma kashi-kashi ake biya, ba a dunƙule ba.

Rauninta ɗorewa. Shekara biyu ko uku kamar gobe ne a wannan sana'a, kuma ranar sabunta yarjejeniya mai zango ya san ka riga ka ɗora miliyoyin mutane a kai. Idan lasisinsa ya ƙare, ko bashin hukuma ya taru masa, matsalarsa ta zama taka. Dole kuma a duba ko yankin da za a karɓa yana manne da naka. Megahaz 10 da ke jikin naka 10 sun zama hanya ɗaya mai faɗin 20, waɗanda ke can gefe kuwa sai an haɗa su da dabara, kuma ba duk waya ce ke iya wannan ba. Ita ma hukuma tana da abin lura, domin idan babba ya yi ta haɗiye zangon ƙanana, wata rana ba za a sami mai yi masa gasa ba.

Zaɓi na huɗu: ƙara ƙarafa

Zango ɗaya ana maimaita shi a kowane ƙarfe. Idan aka raba yankin da ƙarfe ɗaya ke ɗauka gida biyu, an kusan ninka abin da unguwar ke samu ba tare da ƙarin megahaz ko ɗaya ba. A wurare irin Kantin Kwari da Sabon Gari a Kano, inda dubban mutane ke cikin ɗan taƙi, ƙananan eriya a jikin gini ko cikin plaza sun fi kowane sabon lasisi magani.

Kuɗinsa ba ya ƙarewa, shi ne aibinsa. Yawancin ƙarafan Najeriya na kamfanoni irin IHS da ATC ne, haya ake biya, ga man dizal, ga mai gadi, ga ɓarayin batir, ga masu aikin titi da ke tsinke faiba. A 2020 gwamnoni sun amince da naira 145 a matsayin kuɗin izini kan kowace mita ta shimfiɗa faiba, Kaduna ma ta yafe gaba ɗaya, amma ba kowace jiha ce ta bi ba. Idan ƙarafa suka matsu da juna ba a saita kan eriya da kyau ba, sai su riƙa yi wa juna kutse, ribar ta zube.

| Zaɓi | Kuɗi | Lokaci | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Gwanjo | Mai yawa, a dunƙule | Shekara ɗaya zuwa sama | Tsawon lasisi | Bashi, ƙarancin wayoyin da ke kamawa |
| Sake rabo | Kaɗan zuwa matsakaici | Watanni, gari-gari | Mai tsawo, amma yana da iyaka | Lalacewar kiran murya |
| Haya ko saye | Matsakaici | Watanni, bayan amincewar hukuma | Gajere a haya, dogo a saye | Sabunta yarjejeniya |
| Ƙara ƙarafa | Kullum ana biya | Ya danganta da fili da izini | Mai tsawo | Dizal, sata, kutse |

Wa ya dace da wanne

Tsohon kamfani mai 2G da 3G da 4G a haɗe, wanda cunkosonsa na birni ne, ya fara da sake rabo. Ya kunna VoLTE tukuna, ya kwashe 2100, sannan ya cike gurbin kasuwanni da tashoshin mota da jami'o'i da ƙananan eriya. Idan bayan wannan har yanzu dare yana gagararsa, to lokacin neman haya ya yi.

Wanda damuwarsa karkara ce, inda gari da gari ke da tazara kamar a Yobe ko Zamfara ko arewacin Borno, kada ya kalli 3500 ko kaɗan. Zangon ƙasa yake bukata, ko da tsada, ko da haya, tare da ƙarafa masu sola da tarayya da abokin hamayya a inda kasuwar ba za ta ciyar da ƙarfe biyu ba. Ya tuna cewa zangon 700 da 800 daga hannun gidajen talabijin ake karɓo su, kuma komawar talabijin zuwa dijital, wadda wa'adinta na duniya ya cika tun Yunin 2015, ta yi ta jan ƙafa a Najeriya, don haka ya tabbatar yankin da za a ba shi a share yake a jihohin da yake nufi. A bakin iyaka kuma, irin Jibiya da Illela da Maigatari, nisan da ake so a zangon ƙasa shi ne ke tsallakawa Nijar, nasu ma ya shigo, wayar mutum ta kama layin ƙetare yana zaune a gidansa. A nan sai an rage ƙarfin eriya an sunkuyar da kanta, kuma NCC da takwararta ARCEP ta Nijar su daidaita tashoshin da kowa zai riƙe.

Ƙaramin kamfani mai zango amma babu jarin gina ƙarafa, gara ya ba da hayar abin da ba ya amfani da shi, ya hau hanyar babba, da ya zauna a kansa yana biyan kuɗin lasisi a banza.

Gwanjon 3500 kuwa na wanda ya riga ya shimfiɗa faiba ne, yake da dubban ƙarafa a birane, kuma ya san wa zai sayar wa. Masu sayen ba masu waya kaɗai ba ne, akwai gidaje da ofisoshi da makarantu da ke son na'urar intanet ta ɗaki a madadin jan faiba. Kafin a sa hannu a takardar shiga gwanjo, a ƙirga irin waɗannan gidaje unguwa-unguwa, a kuma lissafa bashin da farashin dalar da ya fi na yau muni.